Allunan da Baba Kunne Ya Ƙi

Mahaifina shekara arba'in da ɗaya ya yi a kan benci ɗaya, a rumfa ɗaya, yana ƙwanƙwasa dutse. In ka ce aikin ke nan, wallahi aikin ke nan. Ya ɗauko allon dutse, ya riƙe shi ta gefe da yatsu uku, ya buga masa 'yar guduma sau ɗaya, ya saurara. In ya yi ƙara siririya mai ja, irin ta kofin gilashi in cokali ya taɓa shi, sai ya ja masa alli ya ajiye dama, ya tafi rufin ɗakin wani. In ya yi ƙwaf, ƙarar ta mutu nan take, to akwai tsaga a cikinsa wadda ido ba ya gani, sai ya wurga shi hagu kan tulin tarkace. Tun ban san kaina ba ake ce masa Kunne. Da furfura ta fito aka ƙara masa Baba. Har Inna, in ta ji haushinsa, cewa take yi, "Ku gaya wa Kunnen nan abinci ya huce."

Ramin da ake haƙo dutsen yana bayan gidajenmu, tafiyar minti goma. Dutse ne baƙi-baƙi mai ruwan toka, mu dutsen allo muke ce masa, masu boko su ce sileti. Da can yara na rubutu a kansa a makaranta, mu kuwa rufin ɗaki muke yi da shi. Daga rami ake ɗauko shi manyan curi, a kai rumfar zarto a yanka daidai tsawo da faɗin allo. Daga nan masu tsaga su karɓa, su kafa ƙarfe a gefensa, su buga, ya rabu falle-falle. A gyara bakin kowane falle, a huda masa ƙofar ƙusa biyu a sama. Zangon ƙarshe shi ne bencin Baba. Allon da babu allinsa a jiki ba ya hawa mota, kowa ya san haka, har direbobi.

Yana da shekara goma sha bakwai ya shiga ramin, kwasar tarkace a baro. Ya yi tsaga shekara tara, a nan ya bar rabin ƙaramin yatsansa na hagu. Siririn mutum ne, ɗan firit, in iska ta taso da ƙarfi Inna kan ce a saka masa dutse a aljihu. Bai taɓa yarda da safar hannu ba, wai toshe masa hannu take yi. Abu ɗaya ke sa shi ɗaga murya a wurin aiki: ya ga an bar curi a rana ba a lulluɓe shi da jiƙaƙƙen buhu ba. Dutsen nan da danshinsa yake fitowa daga ƙasa, in ya bushe kafin a tsaga shi, to an yi asararsa, ko ka yi masa kuka ba zai rabu yadda kake so ba.

Wata shekara wata malama mai ilimin duwatsu ta zo da ɗalibanta. Ina 'yar makaranta lokacin, na kawo wa Baba abinci, na laɓe ina ji. Ta ce musu dutsen nan asalinsa laka ce da ta kwanta a ƙasan teku, shimfiɗa kan shimfiɗa, tun ba a yi ɗan Adam ba. Daga baya ƙasa ta motsa, ta matse lakar daga gefe da gefe da wani irin nauyi da zafi, har ƙananan ƙwayoyin da ke cikinta, masu faɗi sirara, suka juya suka jeru fuska ɗaya kamar takardun littafi. Ta ce shi ya sa yake tsagewa falle-falle, kuma ba ta inda lakar ta kwanta yake tsagewa ba, ta inda matsin ya jera shi ne. Baba yana ta gyaɗa kai. Da ta gama ya ce, "Malama, kin manta zare." Ya kama hannunta ya goga babban yatsanta a fuskar allo, sama zuwa ƙasa, sannan gefe zuwa gefe. Ta yi dariya ta ce gaskiyarsa, ban da matsin akwai jan da aka yi wa dutsen ta hanya ɗaya, shi ya bar wannan layin mai laushi a fuskarsa. Ta ce a ɗakin gwajinsu suna ɗora allo a kan ƙarfe biyu su danna tsakiyarsa har ya karye, kuma wanda zarensa ya bi tsawonsa ya fi jurewa nesa ba kusa ba. Baba ya ce, "Au, har inji kuka saya domin wannan?" Shekara da shekaru yana ba da labarin nan, kullum yana ƙara wa injin girma.

Mu huɗu ya haifa, duk mata, ni ce ta uku, ni ce kuma mai bakin. Da na gama makarantar koyon sana'a na ce zarto nake so, aka yi ta surutu. Wani ya ce inji zai cinye mini mayafi, wani ya ce in je in koyi ɗinki. Na ce wa na ɗinkin ya kawo wandonsa in fara gwada zarton a kai. Tun daga ranar aka laƙaba mini 'Yar Zarto, kuma na san ba don injin kaɗai ba ne. Baba bai ce mini je ki ba, bai ce kar ki je ba. Ranar farko dai ya biyo ni rumfar, ya nuna mini curi, ya ce, "Kafin ki kunna abin nan, ki nemi zare. Tsawon allo ya bi zare." Na ce to. Shekara biyar ina yin yadda ya ce, hannuna ya faɗa, har mazan suka gaji suka yi shiru.

Akwai abin da mu a gida muka sani, ba ma faɗa. Kunnen Baba Kunne ya tafi. A hankali ya tafi, ƙarar inji da guduma ta shekara arba'in ta cinye shi. Rediyonsa sai da maƙwabta suka fara sanin labaran duniya daga ɗakinmu. Kome aka ce masa sai ya ce "To, madalla." Rannan Inna ta ce masa akuyar maƙwabci ta mutu, ya ce madalla, ta kusa jifansa da ludayi. A wurin aiki kuwa bakin mutum yake kallo, ya tsinci maganar a leɓe. Kuma aikinsa bai taɓa lalacewa ba. Na lura dai yanzu in ya buga guduma yakan ɗan daɗe riƙe da allon, yatsunsa uku a manne, idonsa a lumshe. Rawar da dutsen ke yi a hannunsa yake ji. Amma har gobe sai ya karkata kai gefe kamar mai saurare, mu kuma mu kawar da ido.

Sai aka kawo sabon manaja. Ba mugu ba ne, kar in ɗauki alhakinsa. Matashi ne mai tsabta, shi ya fara raba mana abin toshe kunne, shi ya sa aka gyara famfon rumfa. Illa dai mutum ne mai son a gama abu jiya. Wata na uku da zuwansa aka ba mu aikin allo dubu uku, na rufin wata makarantar firamare, azuzuwa shida da doguwar baranda. A daidai lokacin kuma aka buɗe sabon gefe a rami, curin da ke fitowa daga can gajeru ne masu faɗi. In na yanka su yadda zare ya bi, allo biyu nake samu a jere, sauran ya tafi tarkace. Na tsaya ina kallon wani curi, sai shaiɗan ya raɗa mini: juya shi mana. Na juya shi a gicciye, na auna, sai ga uku cif. Zarto kuwa ina ruwansa da zare, ta duk inda ka ba shi dutse ci yake yi.

Na san abin da Baba ya ce. Ban manta ba, kar ma in yi wa kaina ƙarya. Cewa na yi a raina tsofaffi da ƙa'idodinsu, rabi gaskiya rabi tsoro. Dogo, babban mai tsagarmu, ya leƙo rumfata ya ce, "'Yar Zarto, dutsen nan naki gardama yake mini, lafiya?" Na ce masa ƙarfensa ne ya dakushe, ya je ya wasa. Na ɗauki falle ɗaya a ɓoye na buga, ya yi ƙara tangararau, hankalina ya kwanta. Manaja ya zo ya ga tarkacena ya ragu, aiki na gudu, ya yaba mini a gaban kowa. Kai, ranar kaina ya kumbura, ko ƙofar rumfa da ƙyar na fita.

Ranar Litinin aka fara jibge allunan a gaban bencin Baba. Daga rumfata ina hango shi. Ya ɗauki na farko, ya buga, ya lumshe ido. Sai na ga ya goga babban yatsa a fuskar allon. Ya juya shi wajen haske, ya sake gogawa. Bai ajiye dama ba, bai wurga hagu ba, bayansa ya jingina shi. Na biyu ma haka, na goma ma haka. Allinsa na bayan kunne bai taɓa shi ba. Na kashe inji na ce wai ruwansa nake dubawa.

Kafin azahar labari ya kai ofis. Manaja ya fito da sauri, mu ma duk muka matso.

"Baba, lafiya? Me ya sami waɗannan?"

"Ba za su hau mota ba," in ji Baba.

"Tsagaggu ne?"

"Lafiyarsu ƙalau. Zarensu ne a gicciye."

Manaja ya karɓi gudumar, ya ɗauki allo ya buga. Ƙara ta tashi, mai daɗi, har bakin ƙofa. Ya ɗauki wani, haka, ya mayar wa Baba gudumarsa. Ya ce, "Baba, ni dai abin da aka gaya mini shi ne allon da ya yi ƙara lafiyayye ne. Ga shi suna yi."

"Ƙara tsaga take faɗa maka, ba ta faɗin zare."

"To laifin wa ne?"

Mu uku ne a kan zarto, amma Baba ya san yankan kowa kamar yadda ya san muryoyinmu a da. Ko kallon inda nake bai yi ba. Ya ce, "Ban zo neman mai laifi ba. Allon ne ba zai hau ba."

Manaja ya zagaya bayan benci yana duba tulin, daga can ya ce, "Baba, guda nawa ka duba zuwa yanzu?" Shiru. Ya ƙara ɗaga murya, "Baba!" Baba na zaune yana share gudumarsa da gefen riga, bai san ana yi ba. Wallahi da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige. Manaja ya dawo gabansa a hankali, ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce, a natse, yana buɗe baki sosai yadda ake yi wa kurma, "Ranar Alhamis mota za ta zo. Ko dai in ga allinka a jikinsu, ko kuma ka huta haka nan, ka yi mana ƙoƙari. Ba zan tsayar da aikin makaranta a kan maganar mai sauraren da ba ya ji ba."

Baba ya ce, "To." Wannan karon bai ce madalla ba.

Da yamma a tsakar gida na same shi yana wanke ƙafa. Na tsuguna gabansa inda zai ga bakina, raina a ɓace, ni da na yi laifin ni ce kuma mai fushi.

"Baba, don Allah ka ja musu allin nan a wuce wurin. Shekara arba'in da ɗaya! A kan layin da ko gani ba a yi sosai za ka bari a kore ka kamar wani ɓarawo?"

Ya ce, "Miƙo hannunki."

Akwai wani guntun allo da Inna ke ɗora tukunya a kai. Ya jawo shi, ya goga yatsana a tsaye, sumul. Ya goga a gicciye, na ji ɗan kaushi-kaushi.

"Ƙusa nawa ke riƙe allo?"

"Biyu."

"Mai rufi zai taka shi. Iska za ta ɗaga shi ta sauke, shekara da shekaru. Wata rana wani allon zai karye, ko wane iri ne. In zare a tsaye yake, a tsaye zai rabu, kowane rabi na rataye da ƙusarsa har a zo a canja. In a gicciye yake, a gicciye zai karye. Rabin ƙasa wa ke riƙe da shi?"

Bai jira amsata ba, ya ci gaba.

"Daga saman baranda zai sulmiyo, da kaifinsa. Su wa ke zama ƙarƙashin barandar makaranta?"

"Ai ba lallai ne ya faru ba," na ce da haushi.

"Ba lallai ba ne. Amma allina ne zai kasance a jiki."

Ya ci gaba da wanke ƙafarsa. Bai ce ke kika yanka ba, bai ce je ki faɗa ba. Da ma ya zage ni da na samu abin riƙewa. Inna da ke bakin murhu ta ji komai, ta ce, "Kai da taurin kai, ita da taurin kai, ni ce dai Allah ya haɗa da duwatsu biyu a gida ɗaya." Ta dangwara mana kwano ta shige ɗaki.

Talata da Laraba ya je aiki kamar kullum, rigarsa a goge. Ya zauna ya duba sauran allunan da ba na makaranta ba, dama, hagu, dama, dama. Mutane suka riƙa kewaye bencinsa kamar mai cuta, ba don ƙiyayya ba, don ba su san me za su ce masa ba. Dogo kaɗai ke kai masa shayi ya zauna kusa da shi su yi shiru tare. Ni kuwa ina rumfata ina yanka, yanzu kam ina bin zare kamar rayuwata ta dogara a kai, ko da yake aikin gama ya gama. Sau uku ina kama hanyar ofis ina dawowa. Abin da ke tsaye mini a wuya shi ne dariyar mazan nan. Shekara biyar ina toshe musu baki, yanzu in miƙa musu abin da za su ce ai da ma mun faɗa. Na ji tsoro, kuma na ji kunyar tsoron.

Alhamis da safe na ga Baba ya fito da bulo biyu a cikin buhu da wani guntun katako. Na ce in ɗaukar masa, ya ce in bar shi. Muna isa babbar mota ta riga mu, masu lodi na zaune a gindinta. Manaja ya fito da takardarsa. Baba ya ajiye bulon nan biyu a tsakiyar fili, ya bar tazara tsakaninsu, ya ce, "Ranka ya daɗe, kafin in tafi, alfarma ɗaya. Zaɓo allo ɗaya a tsohon tuli, ɗaya a na makaranta. Da hannunka."

Manaja ya dubi agogo, ya dubi mutane, ya je ya zaɓo. Baba ya ɗora tsohon a kan bulo, bakinsa na sama a kan ɗaya, na ƙasa a kan ɗaya, tsakiya a sarari. Ya gicciya katakon a tsakiya, ya tuɓe takalmi, ya hau da ƙafa biyu. Allon ko gezau. Ya sauka, ya ɗora na makaranta, ya yi bisimilla ya hau.

Allon bai karye ba.

Ya ɗan jira. Ya ɗan motsa ƙafa. Ina! Allo na nan daram. Na gaya muku Baba ɗan firit ne, nauyinsa bai kai ya karya ko da marar ƙarfin ba, shi kuma a lissafinsa bai sa ramar da ya yi ba. Wani cikin masu lodi ya tuntsire da dariya, wasu suka taya shi. Baba bai ji dariyar ba, amma ya ga haƙora. Yana tsaye a kan allon nan, ƙafafunsa sirara, wandonsa a naɗe, yana duban fuskokin mutane ɗaya bayan ɗaya. Ban taɓa ganin mahaifina ya rasa abin yi ba sai ranar.

Manaja ya ce, cikin tausayi har ga Allah, "To Baba, ka gani. Sauko haka nan."

Baba ya sauko, ya sa takalminsa, ya ce, "Na gani. Amma ba zan ja alli ba." Ya zare allin daga bayan kunne ya ajiye a kan bulo, ya ɗora 'yar gudumar kusa da shi.

Ban san lokacin da na ture Dogo na fito fili ba. Na ce, "Dakata! Wa ya ce an gama? Mai rufin da zai hau makarantar nan tsoho ne ɗan shekara sittin da bakwai da ba ya cin abinci? Ku ba ni wuri."

Ni ba siririya ba ce, gidanmu ni na kwashe rabon kowa. Na mayar da tsohon allon kan bulo, na hau. Ya ɗauke ni, ko ƙara bai yi ba. Na ɗan yi tsalle ma don masu dariya su gani. Na sauka na ɗora na makaranta, wanda na yanka da hannuna. Ina ɗora ƙafa ta biyu na ji ƙas! Sai ga ni a ƙasa tsakanin bulo biyu, allo ya rabe gida biyu, a gicciye, layi miƙaƙƙe kamar an ja da rula.

Manaja ya ce, "Guda ɗaya ai ba hujja ba ce."

"Gaskiyarka. Zaɓo wani."

Ya zaɓo daga tsakiyar tuli. Ƙas! Ya zaɓo daga ƙasa. Ƙas! Na huɗu ya ɗan jure, na yi numfashi biyu a kansa, sannan ya tafi, bakinsa ya yanke ni a ƙwauri. Na ce a kawo tsofaffi, aka kawo biyar, na hau su ɗaya bayan ɗaya, jini na bin ƙafata, babu wanda ya karye. Yanzu babu mai dariya. Na ɗauki rabin allo na ƙasa, na ɗaga shi sama yadda kowa zai ga kaifinsa, na ga direban motar ya ja da baya.

Na juya inda Baba zai ga bakina, don shi nake so ya ji kafin kowa. Na ce, "Ni na yanka su. Duka dubu ukun. Na juya curin a gicciye don in samu uku maimakon biyu. Na san zare, an koya mini tun ranar farko, na take sani. Dogo ya yi mini magana na ce ƙarfensa ne. Baba ya san ni ce tun Litinin, ya gwammace a kore shi da ya faɗa." Daga nan hawaye suka zo, na ji haushin kaina na share da bayan hannu, na shafa wa fuskata baƙin dutse.

Motar ta koma babu kaya. Manaja ya daɗe a tsugune yana goga babban yatsansa a fuskar karyayyen allo, sama da ƙasa, gefe da gefe. Ya ce a kwashe dubu ukun a kai wa masu daɓen ƙasa, inda babu abin da zai faɗo kan kowa, a fara yankan na makaranta daga farko. Ya dube ni ya ce, "Ke kuma kin sauka daga zarto." Na ce na ji, ban yi musu ba, karon farko a rayuwata. Sannan ya ɗauki allin da gudumar ya miƙa wa Baba da hannu biyu. Ya ce, "Ka yi haƙuri, Baba. Bencinka ne. Sai dai maganar kunnen nan, ita ma gaskiya ce, ban san yadda za mu yi da ita ba."

Baba ya karɓa, ya mayar da allin bayan kunne. Ya nuna ni da haɓa ya ce, "Wannan da ka sauke, ba ni ita."

Da muka koma gida, Inna na ɗaure mini ƙwauri tana faɗa, Baba ya turo mini naman da ke kwanonsa, ya tashi.

Washegari na tarar ya sa an ajiye wani ɗan benci kusa da nasa. Na zauna, ina jin idon kowa a bayana. Aka kawo sabbin alluna. Ya ɗauki na farko, ya goga yatsa, ya kama nawa ya goga, zare a tsaye sumul. Ya riƙe allon da yatsu uku, ya buga guduma. Ƙarar ta tashi siririya, ta daɗe tana ja. Wannan karon bai karkata kai ba, bai lumshe ido ba. Ni ya juyo ya kalla, a gaban Dogo da masu tsaga da kowa, ya ce da ƙarfi yadda kurame ke magana, "Me ya ce? Shekara shida rabona da in ji shi."

Na matso inda zai ga bakina.

"Lafiyayye ne, Baba."

Ya zaro alli ya ja masa, ya ajiye dama, ya miƙo mini gudumar, ya ɗauko na biyu.